Jinyar huhun 'yata, da maganin da aka tsamo daga ruwan kwata

Ni mutuniyar Zariya ce, a can aka haife ni, a can aka aurar da ni. Maigidana ɗan Gwaggona ne, yayar mahaifina, ita ce ma ta haɗa auren. Tun 2009 muke zaune a Amurka. Karatunsa ne ya kawo mu, jinya ta zaunar da mu. Na daɗe ina son in rubuta abin da muka gani a jinyar 'yata mai ciwon gado na huhu, sistik faibrosis, domin na tabbata a gida akwai uwayen da ke riƙe da yara irin nawa, suna yawo daga wannan asibiti zuwa wancan, ba wanda ya gaya masu abin da ke faruwa.

A 2003 na haifi ɗana na fari. Kamar yadda al'ada take, ban faɗin sunansa, ban ɗaukarsa a gaban manya, galibi yana hannun Gwaggo. Bai kai wata 4 ba ya fara tari. Yaro ne mai cin abinci, ya sha nono ya sha koko, amma ba ya kumari. Kashinsa mai maiƙo ne, mai wari na daban, ko an wanke tsumman sai ka ji santsi a hannu. Wasu suka ce haƙora ne, wasu suka ce ɗankanoma, wata maƙwabciya ta ce a duba bakin mutane. Aka yi rubutu, aka yi jiƙe-jiƙe. A asibiti aka ce limoniya ce, daga baya aka ce asma, daga ƙarshe aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka. Da daddare, idan kowa ya yi barci, nakan jawo shi in sumbaci goshinsa, sai in ji gishiri a leɓena. Da bazara har fari-fari yake bushewa a gefen gashinsa. Na faɗa wa wata ma'aikaciyar jinya, ta ce zafin gari ne. Da hunturun 2005 Allah ya karɓi abinsa, bai cika shekara 2 ba. Ban yi kuka a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari. A bayi nake shiga in yi, in wanke fuska in fito in karɓi gaisuwa.

A 2006 na haifi mace. Ranar da na fara jin irin wancan tarin a ƙirjinta, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Komai ya dawo sabo: ci ba ƙiba, kashi mai maiƙo, gishiri a goshi. Haka muka lallaɓa da ita har muka taho.

Ko a nan ba nan take aka gane ba. Likitan farko ya ce asma ce. Da maigidana ya tambaye shi ko akwai wani ciwon gado da ke kawo haka, tunda mun rasa wani a gida, sai ya ce wanda yake tunani ciwon Turawa ne, ba a cika ganinsa a baƙar fata ba. Sai da aka kwantar da ita karo na biyu wata likita dattijuwa ta kama hannunta ta duba kan yatsunta, waɗanda suka fara faɗi suna kumburowa. Ta juyo ta ce da ni, "Idan kin sumbace ta, kina jin gishiri?" Ban iya ba ta amsa ba, hawaye kawai nake. Tun 2003 nake jiran wani ya yi mini wannan tambaya.

Aka yi mata gwajin gumi. Ana shafa wani magani a dantse, a sa 'yar wuta mai rauni don wurin ya yi gumi, a tara gumin a auna gishirinsa. In ma'aunin ya kai 60 ko ya wuce, to ciwon ne. Nata ya wuce da nisa. Sunan ciwon sistik faibrosis.

Duk Bahaushe ya san sikila, kuma hanyar gadon ɗaya ce. Uwa tana ɗauke da ƙwayar gadon, uba yana ɗauke da ita, su biyun lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaron ya ɗauko duka biyun. Ƙwayar ana kiranta CFTR, a 1989 aka gano ta, aikinta kula da shige da ficen gishiri da ruwa a jiki. In ta lalace, majinar da ke cikin huhu ba ta samun ruwa, sai ta yi kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewar da ta kwana, ta toshe ƙananan hanyoyin iska, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Haka kuma take toshe gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, shi ya sa maiƙo yake wucewa a kashi, yaro ya ci ya ƙi ƙiba. Na tambayi likitar ko shi ne ya ɗauke mini ɗana. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba tunda ba a gwada shi ba, amma duk alamun sun nuna haka.

Da muka gaya wa Gwaggo ta waya, shiru ta yi mai tsawo, sannan ta ce, "Wato auren da na haɗa ne ya kashe mini jika." Na ce, "A'a Gwaggo, don Allah kar ki faɗi haka, kwanansa ne ya ƙare." Har yau haka na ɗauka. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar ciwo, sai dai yana sauƙaƙa wa masu ɗauke da ƙwaya iri ɗaya su haɗu. Gwaggo ba ta san da wannan ba, mu ma ba mu sani ba, kuma alheri ta nufa.

Rayuwa ta koma ta agogo. Bayan sallar asuba a sa mata rigar jijjiga, wadda ake haɗawa da na'ura tana girgiza ƙirji don kaki ya saki, tana shaƙar ruwan gishiri mai ƙarfi ta nebulaiza, na'urar da ke mai da ruwan magani tururi, sannan ta yi ta tari har ta fitar. Da yamma a maimaita. Duk abin da za ta ci, ko da gyaɗa ce, sai ta fara haɗiye ƙwayoyin narkar da abinci. Ba a yarda masu wannan ciwo su kusanci juna ƙasa da ƙafa 6 ba, don kar su ba juna ƙwayoyin cuta, saboda haka ba ta taɓa zama kusa da wani mai irin ciwonta ba. Da ta balaga likita ta hana ta azumi, limaminmu ma ya ce tana da uzuri. Wannan ya fi allura yi mata ciwo. Lokacin buɗa-baki takan zauna tare da mu ta ƙi ɗaukar dabino, ta ce ba nata ba ne.

Tana kusan shekara 8 aka fara ganin wata ƙwayar bakteriya a kakinta, Pseudomonas aeruginosa, mu dai sudomonas muke ce mata. A ruwa da ƙasa take zaune, mai lafiyayyen huhu ba ruwansa da ita, amma ga mai sistik faibrosis babbar abokiyar gaba ce. Aka kore ta da magani, ta dawo, aka sake korarta. Kafin yarinyar ta kai 12 ta riga ta zauna daram, ta gina wa kanta wani rufi mai danƙo wanda magani ba ya ratsawa sosai. Sai aka koma shaƙar wani maganin kashe bakteriya, tobramaisin, kwana 28 ana sha, kwana 28 ana hutu, in ciwo ya tashi kuma a kwanta asibiti a yi mako 2 ana ba da magani ta jijiya.

Akwai wata takarda da nake karɓa bayan kowane gwajin kaki. A hagu jerin sunayen magungunan kashe bakteriya, a dama harafi ɗaya a gaban kowanne. S na nufin maganin yana kashe ƙwayar, R na nufin ƙwayar ta daina jinsa. Da farko kusan duk layin S ne. Ina adana takardun a wata jaka, kuma da idona na ga yadda R take cinye layin shekara bayan shekara. Sifro ya tafi, merofenem ya tafi. Ba sakaci ne ya jawo ba. Yarinyar ba ta tsallake magani, amma ƙwayar da ake ta yaƙa shekara da shekaru, masu rauni a cikinta suna mutuwa, masu tauri suna hayayyafa.

A watan Oktoba na 2019 aka amince da wani sabon magani a Amurka mai suna Trikafta, wanda ke gyara tushen ciwon. Na ga uwaye suna kukan murna, yaran da ke jiran dashen huhu suna komawa makaranta. An ce kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon zai yi wa amfani. Amma ƙwayar gadon tana lalacewa ta hanyoyi da yawa, an lissafa sama da 2,000, kuma maganin an gina shi ne a kan wadda ta fi yawa a Turawa, F508del. Ta 'yata sunanta 3120+1G>A, wadda aka fi samu a mutanen Afirka, ta ɗauko ɗaya daga wurina ɗaya daga wurin babanta. A irin tata jiki ba ya ƙera abin da maganin zai gyara. Na taya mutane murna da zuciya ɗaya, Allah shaida ne, amma lokacin na ji zafin da ban ji ba tun rasuwar ɗana. Ita kuwa ba ta ce komai ba, sai dai ta daina tambayar likita ko akwai sabon labari.

Daga 2022 jiki ya fara sauka da sauri. Ƙarfin hurawar huhunta ya faɗo ƙasa da kashi 40. Tobramaisin ta jijiya ya fara taɓa mata kunne, tana jin ƙara ba dare ba rana. Kolistin, wanda shi ne kusan na ƙarshe, ya fara taɓa ƙoda. Sallah a zaune take yi, don in ta yi sujada tari ba ya barinta ta ɗago. Likitoci suka fara kawo maganar dashen huhu, a hankali, suna kallon fuskokinmu.

Ita ce da kanta ta nemo wata hanyar. Wani dare ta kira ni ɗakinta ta ce, "Umma, kin san akwai wata halitta da abincinta bakteriya ne?" Ta nuna mini hoto a waya: abu mai kai, da wutsiya, da ƙafafu sirara. Sunansa bakteriyofej, a taƙaice fej. Bairos ne, amma ba ya iya kama ƙwayoyin jikin ɗan Adam, bakteriya kaɗai yake kamawa. Yana manne mata, ya zuba ƙwayar halittarsa a cikinta, ya hayayyafa, ta fashe, 'ya'yansa su fito su nemi na gaba. Ta karanto mini tarihin kaf, idonta na ƙyalli. Wani mai bincike, Félix d'Hérelle, ya ba shi suna a Faris a 1917, kafin a san fenisilin. A 1923 aka kafa cibiyar Eliava a Tibilisi ta ƙasar Jojiya, kuma har yau suna magani da shi. Da fenisilin ya yaɗu a shekarun 1940, ƙasashen Yamma suka ajiye fej a gefe, sai yanzu da magunguna ke gazawa aka waiwaye shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalinta labarin wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan, mai irin ciwonta, wadda wata ƙwaya dangin ta tarin fuka ta kusa kashewa bayan dashen huhu. An yi mata magani da fej iri 3 daga ma'ajiyar Farfesa Graham Hatfull na Jami'ar Pittsburgh, aka wallafa sakamakon a 2019. Ɗaya daga cikinsu a jikin ruɓaɓɓen gauta aka samo shi a Durban ta Afirka ta Kudu.

Ban yarda ba. Mun fito daga korona, mun ga abin da bairos ya yi wa duniya, yanzu a ce in sa hannu a hura bairos cikin huhun da da ƙyar yake numfashi? Da na ji kuma cewa galibi a ruwan kwata da tafkuna ake tsamo su, domin inda bakteriya ta yi yawa nan suke taruwa, sai na ce wa maigidana, "Malam, najasa fa ke nan." Shi ya fi ni natsuwa. Ya ce mu tambaya tukuna kafin mu yanke.

Likitarta ba ta yi mana alkawarin komai ba, wannan ne ma ya sa na saurare ta. Ta ce ruwan kwatar ba ya zuwa kusa da majinyaci: ana ware fej ɗin shi kaɗai, a rene shi a ɗakin gwaji, a tace shi sau da yawa, a karanta ƙwayar halittarsa, a gwada a tabbatar babu gubar bakteriya a ciki. Ta ce ko yanzu akwai fej a bakina da hanjina, da na kowa. Ta ce babban ƙalubalensa shi ne zaɓe: kowane fej yana da irin bakteriyar da yake kamawa, ba ma sudomonas gaba ɗaya ba, sai wani reshe nata, don haka mai yiwuwa a nema a rasa wanda ya dace da ta 'yata. Kuma ba maganin da aka amince a sayar ba ne, sai an nemi izini na musamman daga FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, saboda majinyaci ɗaya wanda sauran hanyoyi suka ƙare masa. Maigidana ya kai wa limaminmu maganar tsarki, ya ce abin da aka tsarkake har ya rabu da asalinsa, ga kuma lalura, ba ya ganin laifi, ya tuna masa hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Na yi istihara, zuciyata dai ba ta kwanta gaba ɗaya ba. Abin da ya karya ni maganar yarinyar ce. Ta ce, "Umma, ki yi haƙuri. Ni nake jin abin nan a ƙirjina. Ku bar ni in gwada kafin a kai ga yanka ni."

Aka aika kakinta ɗakin binciken wata jami'a. Jiran ya yi tsawo, watanni, a tsakani an sake kwantar da ita. Rukunin farko da aka gwada ba wanda ya kama. Wata rana likitar ta juyo mana da fuskar kwamfuta ta nuna mana hoton wani ɗan faranti na gilashi. An shuka sudomonas ɗin 'yata a kai, ta rufe shi gaba ɗaya da wani hazo mai ɗan kore. An ɗiga fej iri-iri a jere. A yawancin wuraren ba abin da ya canza. A wurare 2 kuwa hazon ya ɓace, an bar da'ira garau, har ana hango rubutun da ke ƙarƙashin farantin. Shekaru ina jin sunan wannan ƙwaya, ina yi mata addu'ar tafiya, ranar na fara ganin wani abu ya ci ta. Na riƙe hannun maigidana a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba.

Maganin ya zo a ƙananan kwalabe, ruwa ne fari, a firji ake ajiye shi. Na farko a asibiti ta shaƙa ta nebulaiza, ma'aikata na tsaye suna lura ko ƙirji zai shaƙe. Sauran a gida, na 'yan kwanaki. Ba wani abin mamaki da ya faru a daren farko ko na biyu. A hankali ne kakin ya rage yawa, korensa ya dushe. Wata safiya na farka na ga rana ta fito ban ji tari ba duk dare, na ruga ɗakinta a firgice, na same ta tana barci. Kafin wata ya ƙare ta yi sallah a tsaye.

Gwaji ya nuna sudomonas ta ragu sosai amma ba ta ƙare ba. Ƙarfin huhu ya ƙaru da 'yan maki kaɗan. Abin da ya sa likitar ta yi murmushi takardar nan ce: magunguna 2 da suka daɗe a R sun koma S. Ta yi mana bayani cewa sudomonas tana da wasu ƙofofi a jikinta da take fitar da magani ta cikinsu kafin ya kashe ta, kuma wasu fej a kan waɗannan ƙofofin suke kamawa. In ƙwayar ta canza ƙofar don ta tsere wa fej, sai ta rasa hanyar zubar da magani. Masu bincike na Jami'ar Yale, Paul Turner da Benjamin Chan, sun nuna haka da wani fej da suka samo a wani tafki a jihar Connecticut.

Ba na son kowa ya karanta wannan ya ce an samu maganin sistik faibrosis. Fej bai taɓa ƙwayar gadon ba, bai mayar da ɓangaren huhun da ya riga ya lalace ba. Na san wata uwa da aka nema wa ɗanta aka rasa wanda ya dace. Na san wanda ya ji sauƙi, daga baya ƙwayar ta koyi kauce wa fej ɗin. Rahoton da mutanen Yale suka fitar a 2025 a kan manya 9 ne kacal masu wannan ciwo, kuma su da kansu sun ce ana bukatar manyan gwaje-gwaje. Duk wanda ya ce maka yana sayar da shi a kwalba yana warkar da kowane ciwon huhu, kuɗinka yake so.

Amma takardar S da R ba ta masu sistik faibrosis ba ce kaɗai, kuma wannan ne ke hana ni barci game da gida. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki. Mu ke nan. Na san yadda ake yi: mura ta kama yaro, a aika kemis a sayo kafso 4 na amfikulos, ya sha 2 ya ji sauƙi, a ajiye sauran don wani. Talauci ne da nisan asibiti ke sa haka, ban zargi kowa ba. Sai dai 'yata ta kai ƙarshen jerin magunguna bisa dole, kuma ta samu wata ƙofa. Wanda ya kai ƙarshen jerin a ƙauyenmu, wa zai aika kakinsa ɗakin bincike?

Bara matar ƙanina ta kira ni tana kuka, ɗanta yana tari ba ya ƙiba. Na ce ta lasa goshinsa ta gaya mini, ta kuma dubi kashinsa, ta roƙi likitan yara ya yi tunanin gwajin gumi ko na ƙwayar gado. An bincika, nasa wani abu ne daban, kuma ya warke, alhamdu lillahi. Tun daga nan dangi suka fara kirana a kan yaransu, har da maganar gwaji kafin aure, wadda da ba mai son ji.

Yanzu 'yata tana jami'a, tana karanta ilimin ƙananan halittu. An jingine maganar dashen huhu, ba a soke ta ba. Sudomonas tana nan, ɗakin binciken yana ajiye da samfurinta, suna neman wani fej ɗin don lokacin da za a sake bukata. Gwaggo ta tsufa ƙwarai, kullum maganarta ta ga jikarta kafin ta koma ga Allah, kuma a karon farko likita ta ce za a iya tafiyar in an shirya da kyau, da damina, ba lokacin ƙurar hunturu ba. Abin da ke gabanmu wuta ce, saboda nebulaiza da rigar jijjiga da firjin magani. Maigidana ya riga ya aika wa ƙaninsa kuɗi a sa sola a gidan Gwaggo, ni kuma ina rubuta jerin magungunan da za mu ɗauka da takardun da za a nuna a filin jirgi.